Karen Da Ya Faɗi Jarrabawa Ya Zo Katsina

A Katsina, kamar sauran biranen Hausa, jagoran makaho mutum ne. Galibi yaro ne ɗan shekara takwas ko goma, ya kama kan sanda a gaba, dattijo ya riƙe gindinta a baya, su ratsa kasuwa, su tsallaka titi, la'asar sakaliya su dawo gida. Makafi suna da sarkinsu da tsarinsu tun zamanin da, kuma a duk tsarin nan babu inda aka ajiye wa kare gurbi. Kare a garin nan na mafarauta ne, ko na makiyaya, ko wanda ake ɗaurewa a manyan gidaje ya kwana yana haushi. Shi ya sa ranar da labari ya bazu a unguwarmu, can wajen Ƙofar Marusa, wai an kawo wa Kawu kare mai jan makaho daga Ingila, har waɗanda rabonsu da gaishe shi tun ƙaramar Salla sai da suka zo dubiya.

Kawu tsohon hedimasta ne, ya ci shekara 35 yana aikin gwamnati kafin ya ajiye alli. Yana ce ta rufe masa ido, na dama gaba ɗaya, na hagu saura ɗan dishi-dishi. Likita ya ce aiki ne da ba ya kai awa guda, Kawu ya ce idon da Allah ya ba shi babu mai sa masa wuƙa. Aka karanta masa cewa binciken ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano yana ce ke jawo kashi 43 cikin 100 na makantar manya a Najeriya, kuma ana warkewa. Ya ce to madalla, ashe yana cikin jama'a.

Jikoki ne suka riƙa yi masa jagora, har suka gaji. Tafiya da Kawu ba tafiya ce kawai ba, aji ne. Kafin ku kai bakin titi ya tambaye ka bakwai sau takwas, ya tambaye ka babban birnin Ghana, in ka kuskure ya laluba kanka ya sakar maka ranƙwashi. Ta kai da zarar an ji ya ce "Wa ke nan?" sai yara su ranta a na kare.

Babban ɗansa, wanda muke kira Yaya, yana aiki da wata ƙungiyar agaji a Abuja. Wani Bature abokin aikinsa aka canza wa ƙasa, yana neman wanda zai riƙe masa kare. A cikin hira ya ce ai karen ya yi makarantar jagoran makafi a Ingila. Yaya ya kama farkon maganar, ƙarshenta ya bi iska. A daren ya kira gida ya ce, "Baba, an gama. Na samo maka jagoran da ba ya gajiya, ba ya zuwa Islamiyya, ba ya neman kuɗin alewa."

Ni aka tura ɗaukowa.

A tasha direba ya dube ni, ya dubi karen, ya ce ko dai in biya kujerar baya gaba ɗaya, ko mu taka da ƙafa. Na biya. Sunansa Biskit, jinsin Labrador, kansa ya kusa ƙwaryar fura, yana tafe da fayil mai kauri: katin allurar ciwon haukan kare, takardar shiga ƙasa, lambar wata 'yar na'ura da aka dasa masa a ƙarƙashin fata, da wasiƙar makaranta. Tsakanin Zariya da Funtuwa na buɗe wasiƙar.

Makarantun nan ba abin wasa ba ne. Ta farko a garin Oldenburg na Jamus aka buɗe ta a 1916, saboda sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1927 wata Ba'amurkiya mai horar da karnuka a Suwizalan, Dorothy Eustis, ta rubuta abin da ta gani a Jamus a wata mujalla. Aka karanta wa wani saurayi makaho a Nashville, Morris Frank, ya rubuta mata wasiƙa, ya je ya karɓo wata karya mai suna Buddy, ya dawo a 1928 ya tsallaka wani titi mai haɗari a New York a gaban 'yan jarida. Shekara ta gaba suka kafa makarantar The Seeing Eye. Ingila ta yaye karnukanta huɗu na farko a 1931, Afirka ta Kudu ta kafa tata ƙungiyar a 1953. Ɗan kwikwiyo tun yana da mako bakwai ko takwas ake ba wani iyali ya yi sama da shekara a hannunsu yana koyon zama da mutane, sannan ya koma makaranta ya yi watanni yana koyon aiki. A Amurka ana ƙiyasta abin da ake kashewa a kan kare ɗaya da kimanin dala 50,000. Wanda ya ci jarrabawa yakan yi aiki har ya kai shekara tara ko goma, a yi masa ritaya.

Amma ba duka ke ci ba. Wani ciwon ƙugu ke kayar da shi, wani tsoron ƙara, wani kuma ba ya iya ganin kyanwa ya kau da kai. Irin waɗannan, da tsofaffin da suka yi ritaya, ana ba mutane su riƙe a matsayin karen gida, kuma rububinsu ake yi, domin kare ne mai ladabi da wani ya riga ya sha wahalar tarbiyyarsa. A Ingila sai ka shiga layi, a zo a duba gidanka, a tabbatar akwai fili mai shinge, kuma ba za ka riƙa barinsa shi kaɗai na sa'o'i masu yawa ba. Haka Baturen ya samu Biskit. Wasiƙar ta yabe shi da haƙuri da lafiya da rashin tsoron mota. Sai a sakin layi na ƙarshe ta ce an sallame shi ne saboda da zarar ya ji ƙanshin abinci, hankalinsa ya bar jikinsa.

Daga Malumfashi na kira Yaya na karanta masa. Ya yi shiru, ya ce, "Kai, abinci ne fa kawai. Wa ba ya son abinci? Kada ka gaya wa Baba."

Hajiya, matar Kawu, a zaure ta tare mu. "Malam," ta ce, "shekara arba'in ina zaune da kai, ban taɓa yaji ba. Kada ka sa in fara da tsufana." Sai da aka kira limamin unguwa. Ya zauna can nesa, ya tattare rigarsa, ya yi bayani cewa a mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai ibada ce, kuma an yarda a ajiye shi don farauta da kiwo da tsaron gona. Ya ƙara da labarin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai littafin Risala, wanda aka ce ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka yi masa magana ya ce ai da Imam Malik ya riski wannan zamani, zaki zai ajiye. Yaya ta waya ya kawo nasa dalilin: a 2008 wata majalisar malamai a Birtaniya ta ba da fatawar da ta ba wani saurayi makaho a Leicester damar zuwa masallaci da karensa, aka yi wa karen wurin jira a bakin ƙofa. Liman ya ce Leicester daban, Katsina daban. Aka yanke hukunci: Biskit a zaure, kwanonsa daban, ba shi ba tabarmar salla, ba shi ba buta. Hajiya ta ƙara da cewa ba shi ba madafinta, ko da ido.

Sai ga wata matsalar. Karen jagora na gaske yana da ɗamara mai mariƙi mai tauri, ta nan makaho ke jin duk motsin da ya yi. Wanda aka sallama ba a ba shi. Kawu bai damu ba, ya aika aka kira baduku, aka nuna masa hoto a waya. Bayan kwana uku ya kawo ɗamarar jar fata mai tuntaye, an yi mata ado irin na kayan doki, mai walda ya lanƙwasa rodi ya zama mariƙi. Da aka ɗaura wa Biskit sai ya fito tamkar zai hau Sallah. Yaran unguwa suka raɗa masa Ɗan Boko, sunan ya bi shi.

Kawu ya yi murna da jin cewa karen Turanci kaɗai yake ji, domin ya daɗe bai sami abokin hira ba. Ya gyara murya ya ba da umarni da Turancin da ya koyar da rabin ma'aikatan jihar nan. Biskit ya dube shi yana kaɗa wutsiya. Ya maimaita da ƙarfi, ko gezau. Wata jikarsa mai kallon fina-finai ta ce, "Kaka, ta hanci suke yi." Kawu ya toshe hanci ya sake faɗa, nan take kare ya zauna. Tun daga ranar duk wanda ya hangi tsohon hedimasta a lungu, hannu ɗaya a rodi, ɗaya a hanci, ya san umarni ake bayarwa.

Fitar farko majalisarsu ta dattawa aka nufa, tafiyar da ba ta kai a sha kofin shayi ba. An koya wa karnukan nan su tsaya cak a duk inda dakalin gefen titi ya ƙare, su jira umarni. A Ingila wannan yana nufin a tsaya a mararraba. A lungunan tsohon garin Katsina kuwa kowane gida da kwatarsa, kowace kwata Biskit ya ɗauke ta mararraba. Ya tsaya, Kawu ya toshe hanci, su yi taku shida, ya sake tsayawa. Ga awaki, waɗanda bai taɓa gamuwa da su a hanya ba, kowace sai ya tsaya sun gaisa. Ga almajirai sun yi dafifi a baya. Da suka isa, dattawa sun naɗe tabarma suna alwalar magariba.

Babban titi ma ba a magana. Mutane suna zaton kare ne ke duba fitilar hanya, alhali makahon ne ke sauraren motoci ya ce a tafi, shi kare aikinsa ya ƙi tafiya in ya ga haɗari. Wannan dabara tana aiki a inda mota ke tsayawa in an ce ta tsaya. A shataletalen Ƙofar Ƙaura, inda ɗan acaba ke fitowa ta hannun da ba nasa ba, keke napep ya sha gabansa, mai kura ya ratsa tsakaninsu, Biskit ya duba dama, ya duba hagu, ya yanke shawarar cewa ko'ina haɗari ne. Ya kwanta. Sai da aka yi shatar keke aka mayar da su gida, jagora a kan cinyar wanda yake ja.

Amma inda ya nuna cewa ya shiga makaranta shi ne taswira. Kafin wata ya cika ya haddace garin tsaf, sai dai taswirarsa ba ta masallatai da ofisoshi ba ce. Ya san mai ƙosan bakin lungu, ya san mai waina, ya san ƙarfe nawa mai tsire ke hura wuta. Kawu ya ce banki, su ƙare a tukuba. Ya ce gidan ƙanwarsa, su ƙare a tukuba. Shi kuma mutum ne mai jin nauyin a ce ya ɓata hanya, da ya ji hayaƙi ya bugi fuskarsa, mai tsire ya ce "Sannu da zuwa, Malam, na nawa?" sai ya gyara tsayuwa ya ce dama nan ya nufa. Ya sayi tsinke biyu, ya ci rabi, sauran ya sulale ƙasa.

In za a yi adalci, ba laifin Biskit ba ne shi kaɗai. A 2016 masana a Jami'ar Cambridge sun gano cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na karnukan Labrador suna da wata tawaya a ƙwayar halitta da ke sa ba sa jin sun ƙoshi. Abin dariyar shi ne tawayar ta fi yawa a cikin waɗanda ake zaɓa don aikin taimakon mutane, kuma masanan suna zaton dalilin shi ne da loma ake horar da su, mai kwaɗayi ya fi saurin ɗaukar karatu. Wato abin da ya shigar da shi makaranta shi ne ya kore shi.

Ranar wani ɗaurin aure a unguwar Yammawa abin ya kai maƙura. Maza sun cika ƙofar gida a kan tabarmi, ana jiran waliyyi. Kawu ya iso cikin babbar riga, ya toshe hanci ya ce a tsaya. Biskit ya ɗaga kai ya shaƙi iska, ya ratsa tsakiyar jama'a, ya shige zaure na farko, ya shige na biyu, bai zame ko'ina ba sai tsakar gida inda mata suka ɗora tukwanen kaji. Kawu ya ji hayaniya, ya ɗauka ya iso gaban malamai, ya ɗaga hannu ya ce, "Salamu alaikum, Allah ya gafarta malamai, Allah ya sanya alheri." Mata suka watse, wata ta bar zani a hannun kishiyarta, wata tsohuwa ta tsaya da muciya tana cewa a'uzubillahi. Kafin a fito da su, Ɗan Boko ya yi wa kaza guda jana'iza.

Bayan wannan ne suka gamu da wani dattijo makaho a wajen Ƙofar Soro, mutumin da ya haura shekara hamsin yana yawon garin nan da sanda, yawanci shi kaɗai. Ya ji labari, ya nemi a ba shi ya shafa. Ya shafa kai, ya shafa ɗamara, ya ƙwanƙwasa rodin, sannan ya fara tambaya. Yana iya ƙirga canji? A'a. In mutum ya gaishe ka yana raɗa maka ko wane ne, don kada ka ce wa surukinka "yaro"? A'a. Yana shiga sahu da kai? A'a. Me yake ci? Da aka gaya masa sai ya yi dariya har da tari, ya ce, "Malam, ai kai ne kake yi masa bara."

Gaskiyarsa, amma ba duka ba. Yaron da ke ƙirga canjin nan galibi ba ya zuwa makaranta, kuma wannan tsada ce da ba a rubuta ta a fayil. Kare kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba, da titinsa yake zuwa, da dakalin masu tafiya a ƙasa wanda 'yan tireda ba su mamaye ba, da direban da ke taka birki. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan jihar nan, ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya wuce. Duk mai son ganin inda aka kwana ya rufe ido ya gwada tafiya daga Hasumiyar Gobarau zuwa Babbar Kasuwa.

Sai bazara ta shigo. Asalin Labrador karen masunta ne a Newfoundland ta ƙasar Kanada, gashinsa ninki biyu ne don iyo a ruwan sanyi. A watan Afrilu, da zafin Katsina ya haura digiri 40, Biskit ya baje a zaure yana huci kamar zugazugin maƙeri. Likitan dabbobi ya hana fita da rana, ya ce kwalta za ta ƙona masa tafin ƙafa. Aka saya masa fanka mai caji, abin da Hajiya ta yi shekara biyu tana roƙo. Wata rana ta jiƙa wanki a baho ta shiga ɗaki, ta fito ta tarar da shi a ciki, ya kwanta a kan atamfarta ta biki, ido a lumshe. Abin da ta faɗa ba na mujalla ba ne. Abincinsa na leda da ake sayowa daga Kano ya cinye kusan rabin fansho, aka mayar da shi tuwo da ƙashi. Wannan kam bai yi gardama ba.

Da jagora ta ƙi, aka ce to ya yi gadi. Nan ma makaranta ta ɓata shi, domin an hana su haushi, an koya masu son kowa. Daren da ɓarawo ya hauro ya ɗauke batirin sola, maƙwabci ya hango ta taga: ɓarawo a gaba da kaya a ka, Biskit a gefensa yana kaɗa wutsiya, ya raka shi har bakin lungu, ya tsaya cak a kan kwata, sannan ya juyo.

Sau ɗaya dai ya yi abin da aka koya masa, ko kuma abin da ya yi kama da shi. Da damina, bayan wani ruwan dare, suna tafe da asuba sai ya gitta a gaban Kawu ya kafe. Kawu ya toshe hanci, ya buɗe hanci, ya yi Turanci, ya koma Hausa har da zagi, kare bai motsa ba. Da mutane suka fito sai aka ga ruwa ya tafi da murfin babban magudani, rami ya kai ƙirjin mutum, taku biyu a gabansu. Wannan shi ne mafi wuyar darasi a makarantunsu, kare ya saɓa wa ubangidansa don ya cece shi. Kawu ya yi mako yana ba da labari a majalisa. Hajiya kuwa har gobe tana kan bakanta cewa akwai ƙashin rago a bakin ramin, ita da idonta ta gani.

Ramin ne ya yi abin da likita da 'ya'ya suka kasa. Kawu ya kwana biyu ba ya cin abinci sosai, sannan ya ce a kai shi asibitin ido. Ga mutane kuma cewa ya yi yana so ne ya ga fuskar wanda ya cinye masa fansho. Aka yi aiki da safe, washegari aka cire bandeji, muka dawo gida. Ya tsaya a zaure ya daɗe yana kallon Biskit, Biskit yana kallon ledar magani ko za a dace.

"Kai ɗan nan," ya ce mani, "ashe baƙi ne?"

Na ce baƙi ne wuluk, Kawu.

"To me ya sa aka ce daga Ingila yake?"

Bai rufe baki ba aka yi sallama. Mai tsire ne, ya zo barka, da ɗan littafi a hannu. Ya ce tunda Allah ya sa Malam ya fara gani, yana so ya duba lissafi da idonsa. Akwai na tsinken da Malam ya saya, wannan an biya. Akwai kuma shafi huɗu na wanda Ɗan Boko ya riƙa ɗauka ta gefen tukuba yayin da ake gaisawa. Kawu ya aika aka ɗauko masa jan biro, ya zauna a kan dakali ya bi shafukan layi-layi, ya gano kuskuren tarawa a wuri biyu, ya rage naira 700, ya biya sauran.